Ranar da Na Jefa Jaka Cikin Rami

Ni dai matsalata ɗaya a wasan Dungeons & Dragons, wasan da ake zama a teburi kowa ya zama wani jarumi a cikin ƙirƙirarren labari: ba na iya karɓar kayan tsafi in yi shiru. Sai na tambayi yadda yake aiki. Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan nan mutane ke jefa ɗan lido mai fuska 20 suna more rayuwarsu, amma ni sai na zo da biro da takarda kamar injiniya.

Ƙanwata ce mai jan ragamar wasanmu, ita ke ba da labari kuma ita ke yanke hukunci. Ranar nan ta ba tawagarmu kaya biyu. Na farko jakar tsafi ce, wadda ke ɗaukar kaya har laba 500 amma nauyinta a kafaɗa bai wuce laba 15 ba. Na biyu wani baƙin ƙyalle ne da ake ninkewa kamar hankici, in ka shimfiɗa shi a ƙasa sai ya zama rami mai zurfin ƙafa 10. Ramin tafi-da-gidanka ke nan.

Na kwana ina tunanin jakar nan. Ina nauyin ke tafiya? Daga ƙarshe na gano, a ganina, cewa cikinta ɗaki ne a wata duniya, bakinta kuwa ƙofa ce kawai. Har zane na yi, da kibiyoyi. Na yi wa abokan wasa bayani na kusan rabin awa, ɗaya daga cikinsu ya yi gyangyaɗi, ban ji haushi ba, ilimi ba na kowa ba ne.

Sai labari ya kai mu ƙofar wani birni inda ake neman abokaina biyu ruwa a jallo. Na ce ai abu mai sauƙi, ku shiga jaka, ni in wuce da ku. Na ma lissafa nauyinsu da sulkensu, bai kai 500 ba.

Ƙanwata ta ɗago kai. "Yaya, su nawa ka zuba a ciki?"

"Biyu."

"To."

Wannan "to" ɗin ya kamata ya farkar da ni. Ashe iskar da ke cikin jakar ta minti 10 ce, kuma raba ta ake yi tsakanin masu numfashi. Mutum biyu, minti biyar. Duk zanen da na yi, ko taga ɗaya ban sa wa ɗakin ba.

Mai gadin ƙofa ya tare ni yana neman takardar izini. Na jefa ɗan lido don in yaudare shi da daɗin baki, babbar lamba nake buƙata, ya mirgina, ya yi kamar zai tsaya a 18, ya kife a kan 2. Mai gadi ya ce in koma gefe. Ƙanwata ta fara ƙirga mintuna da yatsu, a hankali, tana kallona. Abokaina biyu kuwa suka riƙe maƙogwaro a teburi suna kakari da gangan.

Nan fa basira ta zo mini. Ramin nan ai ya fi jaka girma, tabbas akwai iska a cikinsa! Na shimfiɗa ƙyallen a gaban mai gadi, na buɗe bakin jaka, na cilla ta ciki, na harɗe hannuwa ina jiran tafi.

Tsit. Ƙanwata ta jawo littafin dokoki, ta tofa wa yatsa miyau, ta buɗe shafin da ta riga ta ninke gefensa. Ta riga ta ninke shi, jama'a! Wato ta san halina. Ta bayyana mana cewa in jakar ta shiga ramin, duka biyun sun lalace nan take, sai wata ƙofa ta buɗe zuwa sararin Astral, wata duniya ta daban a cikin wasan, ta zuƙe duk wanda ke cikin tazarar ƙafa 10, kuma babu hanyar dawowa ta wannan ƙofar.

"Amma a zanena..." na fara.

"Yaya, zanenka ma ya tafi."

Yanzu mako uku ke nan muna shawagi a sarari, ba sama ba ƙasa. Abokaina sun daina yi mini magana a cikin wasa, a waje ma sama-sama. Mai gadin ma an zuƙo shi tare da mu, kuma duk zaman da muka yi sai ƙanwata ta sauya murya, ya matso kusa da ni yana lilo, ya sake tambayata takardar izini.