Masu ihun "a dawo mana da shi", dan Allah ku tsaya mu yi magana

Salam 'yan uwana matasa, musamman ku ƙannena da ba a raba ku da gidan kallon ƙwallo. Duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa ko kulob ɗinmu ya sha kashi sau biyu a jere, maganar ɗaya ce take tashi a majalisa da wajen mai shayi da guruf na WhatsApp, wai a dawo da wane tsohon ɗan wasanmu kawai, shi ne maganin abun. Sai wani ya ce ai wane ya ƙare, daga nan musu ya koma zagi har a sako iyaye a ciki. Abun yana damuna wallahi, domin bakin da ya fi kowa ihun a dawo da ɗan wasa, shi ne yake fara ce masa tsoho ya tafi ya huta in an yi wata shida abubuwa ba su gyaru ba.

Ku tuna Ronaldo. Ya bar Manchester United a 2009 zuwa Real Madrid a kan fam miliyan 80, ya dawo a watan Agustan 2021 daga Juventus yana da shekara 36. Ranar wasansa na farko da Newcastle gidajen kallo sun cika har waje, wanda bai samu benci ba ya tsaya a ƙofa yana leƙe ta kafaɗar wani, ya zuba biyu aka tashi 4-1, ranar in ka ce akwai matsala a dawowar nan to sai dai a fitar da kai a ɗakin. Kuma maganar gaskiya mutumin ya yi aikinsa, ƙwallo 24 ya ci a kakar, 18 daga ciki a Firimiya, ya sha fitar da su kunya a mintunan ƙarshe a gasar zakarun Turai, ku tambayi Villarreal da Atalanta. Amma kulob ɗin da ya ƙare na biyu kafin zuwansa sai ga shi na shida da maki 58, Liverpool ta zo har Old Trafford ta zura musu biyar ba ko ɗaya, aka sallami koci Solskjaer a Nuwamba. Da sabon koci Ten Hag ya zo ya fara ajiye shi a benci, ran nan a wasa da Tottenham ya ƙi shiga ya fice tun ba a tashi ba, sai hira da ɗan jarida Piers Morgan, sai aka soke kwantiragi a Nuwamban 2022. Mutanen da suka kwana murna su ne dai suka koma suna ce masa mai son kai.

To wa ke da gaskiya, mai cewa ya taimaka ko mai cewa ya ja su baya? Kowa yana da hujja a hannu, shi ya sa ban ga dalilin da zai sa ka kira abokinka jahili ba dan ya ɗauki ɗaya ɓangaren. Wasan yanzu koci yana so ɗan gaba ya dinga bin 'yan bayan abokan hamayya da gudu tun daga gidansu, ya matsa musu har su yi kuskure, kuma ƙafar ɗan shekara 36 ba za ta yi wannan na minti casa'in duk bayan kwana uku ba ko da kuwa shi ne ya fi kowa kula da jikinsa a duniya. In an sa shi sai sauran goman su ɗauki gudun da bai yi ba, in an cire shi magoya baya su tayar da hankali, ga albashinsa da zai sa sauran manyan su ma su fara neman ƙari, ga yaron da ake reno a wannan gurbin ya koma ɗumama benci. Duk wannan ba ya fitowa a bidiyon minti biyu da kuke turawa juna na ƙwallayen da ya ci shekara goma da suka wuce.

Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da yawanmu in muka ce a dawo da wane, ba shi kaɗai muke kewa ba, har da lokacin da kulob ɗin yake cin kofi muna shiga unguwa da ƙafafa, kuma wancan lokacin ba mutum ɗaya ya gina shi ba. Ronaldon 2008 yana tare da Rooney da Tevez da Scholes, a baya ga Vidic da Ferdinand, a bakin layi ga koci Ferguson yana tauna cingam. Ka ɗauko mutum ɗaya daga ciki ka ce ya dawo maka da duka, ai ka ɗora masa kayan da ba zai iya ba.

Kar wani ya ce ina cewa dawowa ba ta da amfani, a'a. Ku dubi Drogba. Ya koma Chelsea a 2014 shi ma yana da shekara 36, amma ya san abun da ya kawo shi, Diego Costa ne mai gurbin shi kuma yana jira a benci, in Costa ya ji ciwo ko an dakatar da shi sai ya shigo ya rufe. Ƙwallo huɗu kacal ya ci a lig, ba wanda ya zage shi, suka ɗauki kofin, kuma a wasan ƙarshe da Sunderland 'yan wasan ne da kansu suka ɗauke shi a kafaɗa suka fitar da shi daga fili. Shi da koci Mourinho da magoya baya duk sun yarda a kan matsayi ɗaya tun kafin ya sa hannu. Shi kuwa Lukaku da ƙuruciyarsa ya dawo Chelsea a 2021 a kan kusan fam miliyan 97 da rabi, salon koci bai dace da nasa ba, shekara ɗaya aka mayar da shi Inter a matsayin aro. Kun ga ashe ba shekaru kaɗai ba ne. In za ka yi musun nan ka yi shi kamar wanda ya san ƙwallo, ka tambaya me aka dawo da shi ya yi, kocin ne ya nema ko shugabanni ne ke son kwantar da hankalin magoya baya da sayar da riga, zai yarda ya zauna in an ce ya zauna, wa za a cire dominsa.

Mu nan gida ma mun gani. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010 kafin ya fita waje, ya je CSKA Moscow da Leicester da Al Nassr, ya ci Ajantina biyu a kofin duniya na 2014 ya ci Iceland biyu a 2018, sannan ya dawo Pillars a 2021 ya sake dawowa a 2024. Mutumin da ya taka waɗancan filayen ya zo ya sa rigar Sai Masu Gida yana buga wasa tare da yara, wannan kaɗai abun a gode masa ne, kuma yaran da suke atisaye da shi suna koyon abun da koci ba zai iya koya musu da baki ba. Amma in ka shiga filin Sani Abacha kana jiran gudun 2014, ranar da bai ci ba za ka fara faɗin maganar da ba ta dace ba a kan mutumin da ya girme ka.

Abun da nake roƙonku ƙannena, in ka ɗaga murya ka ce a dawo da wane, to ka sani ka ɗauki alkawarin haƙuri da shi ranar da ƙafa ta gaza. In kuma kana ɓangaren masu cewa kar a dawo da shi, faɗi hujjarka ba tare da ka goge abun da ya yi wa kulob ɗin ba, ba sai ka ce dama can bai iya ba. Na ga abokai tun na firamare sun daina gaisawa a kan Ronaldo, har ɗaya ya ƙi zuwa ɗaurin auren ɗayan, alhali gobe in rashin lafiya ta kama ka wannan abokin ne zai ɗauko babur ya kai ka asibiti cikin dare. Ku je ku shirya tun yau dan Allah, wanda ya fara zagin shi ya fara kiran waya. Sannan in koci ya ajiye gwaninka a benci ka bar koci da aikinsa, kar ka bi yaron da aka sa a gurbinsa har shafinsa na Instagram kana zagin mahaifiyarsa, shi ma sa shi aka yi.