Shirya yaro kurma don makarantar kowa da kowa ya wuce sanya masa na'ura

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 34 ne ke da raunin ji da ke buƙatar taimako, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran da ake haifa kurame iyayensu masu ji ne. Shi ya sa burin yawancin iyaye shi ne su ji ɗansu ya kira su da baki, ya kuma zauna aji ɗaya da sa'o'insa. Wannan buri yana iya cika a yau, amma aikin ya fi yadda ake zato yawa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙa'idar da ƙwararru a Amurka suka shimfiɗa ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida, domin ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke sarrafa sauti ya fi karɓar horo a shekarun farko. A 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince a dasa wa yara 'yan shekara biyu na'urar ji a cikin kunne, a 2020 kuma ta sauko da iyakar zuwa wata tara.

Na'urar dai saƙo kawai take kai wa jijiyar ji. Fahimtar saƙon sai an koya, kuma a gida ake yin mafi yawan koyon. Kowace safiya uwa takan tsaya a bayan yaron, inda ba zai ga leɓenta ba, ta furta sautuka shida da masani Daniel Ling ya zaɓa: a, u, i, m, s, sh. Duk sautin da ya ji sai ya ɗaga hannu. Idan jiya ya ji "s" yau bai ji ba, to a duba batirin na'urar.

Inda nake da ja shi ne shawarar da har yanzu ake ba wasu iyaye cewa su hana yaro maganar hannu don kada ya yi ƙyuyar magana da baki. An taɓa bin wannan hanya. Taron malaman kurame na birnin Milan na Italiya a 1880 ya fifita koyarwa da baki zalla, aka kori maganar hannu daga makarantu da yawa, sai a 2010 taron malaman a birnin Vancouver na Kanada ya yi watsi da wannan matsaya a hukumance. Masu ra'ayin hana maganar hannu suna da hujjar cewa sauraro na buƙatar atisaye mai yawa, kuma gaskiya ne. Sai dai ba kowane yaro na'urar ke yi wa aiki daidai ba, kuma idan aka jira ya kai shekara biyar kafin a gane magana ba ta kama ba, an bar shi ba harshen baki ba na hannu a shekarun da ba sa dawowa. Ko wanda ta yi wa aiki, da zarar ya cire ta zai kwanta, kurma ne.

Ita ma makarantar sai an shirya ta. Yaron da ke ji sarai a ɗakin gwaji yakan ɓace a aji mai hayaniya, musamman idan malami ya juya ga allo yana ci gaba da bayani. Ƙaramin makirufo da malami zai rataya, mai aika muryarsa kai tsaye zuwa na'urar yaron, yana rage wannan matsala, haka ma zaunar da shi a gaba da maimaita tambayar da wani ɗalibi ya yi daga bayan aji. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ya ɗora wa gwamnatoci nauyin irin wannan tanadi, ya kuma ambaci koyon maganar hannu.

Kafin a yi wa yaro rajista, kada a tsaya ga kyan lafazinsa, domin yana iya maimaita kalma tsaf ba tare da ya san ma'anarta ba. A ba shi gajeren labari a ɗakin da wasu ke hira, a nemi ya maido shi, sannan a tambaye shi dalilin abin da ya faru a ciki.