Harajin tsaron intanet ba kuɗin 'yan sanda ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka harajin tsaron intanet da aka yi ta cece-kuce a kansa a Najeriya a Mayun 2024 asusun 'yan sanda zai shiga. Ba haka dokar ta ce ba. Sashe na 44 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan hada-hadar kuɗi ta hanyar lantarki, wato naira 500 idan an tura naira 100,000. A dokar, kuɗin na zuwa wani asusu ne a Babban Bankin Najeriya, kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ke riƙe da akalarsa. Cibiyar 'yan sanda mai yaƙi da laifukan intanet a Abuja kuwa ƙarƙashin rundunar take. Umarnin da Babban Bankin ya ba bankuna na cire kuɗin ma, a watan Mayun 2024 ɗin aka janye shi.