Fadamar Haɗeja da Nguru: a zauna da masu ita kafin a turo injuna

Kullum maganar ɗaya ce: gwamnati za ta turo injuna su yashe kogin Haɗeja, su sare kacala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa. Injuna su zo su yi aiki su tafi, kacala ta dawo. A ganina, tun wurin tsara aikin ake kuskure, domin a ofis ake yanke shawara, mutanen fadama kuwa sai dai su ji a rediyo.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, duka a kan kogunan da ke zuba cikin kogin Haɗeja, kogin ya sauya hali. A da yakan cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta sha rana. Yanzu rani da damina ana sako ruwa, ita kuwa kacala ba abin da take so kamar ruwan da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyi, laka ta taru, ruwa ya karkata ta reshen kogin da ake kira Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki, wasu garuruwan kuma suna kukan rashinsa. Ga tsuntsun jan-baki da ke kwana a cikin kacalar, gari na wayewa ya faɗa gonar shinkafa.

To da wa za a zauna? Fadama ba ta da mai ita guda ɗaya. Fili ɗaya ne, manomi ya shuka shinkafa, ruwa ya cika masunci ya jefa koma, bayan girbi makiyayi ya shigo da shanu. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, amma waɗanda suka san iyakar gonar kowa, da burtali, da mashaya, su ne bulama da sarkin ruwa da arɗo. In aka biya manomi diyyar gefen gonarsa don ruwa ya samu wurin malala, aka manta da masunci da makiyayi, rigima aka shuka, kuma mun san yadda rikicin manoma da makiyaya ke ƙarewa.

Za a ce irin wannan zama na cin lokaci, ambaliya kuma ba ta jira. Gaskiya ne, wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa Jigawa a 2022 ba zai raina gaggawa ba. Sai dai hanyar da injin ya buɗe, aikin gayya ne kaɗai zai hana ta sake toshewa, kuma ba wanda zai shiga ruwa da lauje don aikin da ba a shawarce shi ba.

Saboda haka tun da rani a kira zama a Guri da Kirikasamma da Nguru da Gashuwa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta faɗi watan da za ta saki ruwa da watan da za ta rage shi, kowane gari kuma ya ɗauki yankin kogin da zai riƙa sharewa, a rubuta a sa hannu.