Kular abinci ta isa ciki, amma wa ke bin takarda?

Duk wanda ya ratsa ta ƙofar gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano da hantsi ya san layin nan. Akasari mata ne: uwa da kular abinci, matar aure da goyo, ƙanwa riƙe da ledar sabulu da garin kwaki. Maza kan zo a satin farko, lokacin da abin yake da zafi, daga nan sai kowa ya samo uzurinsa. Ban raina kular nan ba, zan ma dawo kanta. Sai dai dawainiyar da ke fito da mutum daga gidan yari, a rijistarar kotu ake yin ta, da ofishin ɗan sandan da ya yi bincike, da ma'aikatar shari'a, kuma nan ne ƙafar yawancin iyalai ba ta zuwa.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ɗauke su marasa laifi har sai kotu ta tabbatar da akasin haka. Saboda haka dangin da suka yi zuciya suka ce "a bar shi ya ji a jikinsa", sun riga alƙali yanke hukunci ke nan.

Ga yadda mutum ke ɓacewa a ciki. An kama shi bisa zargin fashi da makami ko kisan kai, sai 'yan sanda su kai shi kotun majistare, alhali ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifi. Majistare zai ce a ajiye shi har daraktan gabatar da ƙara na ma'aikatar shari'a ya duba fayil, abin da kowa ke kira shawarar DPP. Ita ce za ta ce a kai shi babbar kotu ko a sallame shi. To, kafin a kai ga haka, sai fayil ya bar hannun ɗan sanda mai bincike ya isa ma'aikata, kuma a wannan gaɓa ce ake yin asarar shekaru. An yi wa ɗan sandan canjin wurin aiki. Ba a kwafi fayil ba. An aika amma ba a rubuta shigarsa ba. Ko kuwa shawarar ta fito tun bara tana kwance a durowa, babu wanda ya kai ta kotu. Majistare na ta ɗage zama, na ciki yana ƙirga Sallah. Ko Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi, mantuwar wanda ya ce wa ya ambace shi a wurin sarki ce ta ƙara masa shekaru a kurkuku.

Doka ta hango wannan. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce umarnin tsarewa irin wannan kada ya wuce kwana 14, a iya ƙara wasu 14, bayan haka kotu ta kira hukuma ta zo ta faɗi dalilin ci gaba da riƙe mutum. Jihohi sun yi nasu irinta, Kano ta yi tata a 2019. Sashe na 35 na tsarin mulki kuma ya hana a riƙe mai jiran shari'a fiye da mafi tsawon ɗaurin da za a yi masa in da an same shi da laifin. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai gaban alƙali.

Abu na farko, iyali su naɗa mutum ɗaya, ba biyar ba, su ba shi littafin rubutu. Ya rubuta sunan da ke jikin takardar tsarewa harafi da harafi, domin sau da yawa laƙabi aka sa, ko an juya sunan uba da na ɗa, sai a je nema a ce babu mai wannan suna. Ya rubuta lambar ƙara, sunan kotu da lambarta, ofishin 'yan sandan da ya kawo ƙarar, sunan mai bincike, ranar da aka shigar da shi gidan yari, da ranar zama na gaba. Ana saura kwana biyu zama, ya leƙa ofishin ajiye bayanai na gidan yarin ya tabbatar sunan na cikin waɗanda za a kai kotu. Ranar zama ya kasance a kotu ko da ba a kawo mutumin ba, kuma kada ya bar harabar sai ya karɓi sabuwar rana a wurin magatakarda. Shari'ar da aka tashi ba a sa mata rana ba, ita ce ke mutuwa a tsaye.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka fi sani da Legal Aid. Tana da ofishi a jihohi kuma aikinta kyauta ne ga marasa hali. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ko'ina za a je, a tafi da rubutacciyar takarda kwafi biyu, a bar ɗaya, a buga hatimin karɓa a ɗaya a dawo da ita gida. Koken baki iska ke kwashe shi. Babban jojin jiha kan ziyarci gidajen yari ya sallami waɗanda suka daɗe ba bisa ƙa'ida ba, amma kafin ya zo ake haɗa jerin sunaye, don haka tun da wuri ake tuntuɓar jami'in walwala na gidan a ji ko sunan ya shiga.

Kan beli, akwai abubuwa uku da mutane ba su cika sani ba. Dokar 2015 ta ce ba za a hana mace tsaya wa mutum don kawai ita mace ce ba, ga kuma gidaje da yawa da uwa ko yaya ce kaɗai ta rage mai juriyar zirga-zirga. Idan sharuɗɗan sun fi ƙarfin iyali, lauya na iya roƙon babbar kotu ta sassauta. Ko a laifin da hukuncinsa kisa ne, alƙalin babbar kotu na iya ba da beli idan akwai rashin lafiya mai tsanani ko jinkirin da ya haura shekara guda. A guji 'yan kamashon da ke shawagi a bakin kotu suna cewa sun san alƙali, da masu sana'ar tsayawa da takardun bogi. In asiri ya tonu a soke belin, kuɗin kuma sun tafi.

Yanzu ga kula. A watan Disamba na 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa naira 750 ake kashewa kan abincin ɗaurarre a rana, karen hukumar kuwa 800. Daga baya an ɗaga zuwa 1,125, wanda a tsadar yau kowa ya san iya abin da zai saya, ga kuma ribar ɗan kwangila a ciki. Ba banza ake kiran tuwon wurin gabza ba. Sai dai dafaffen abinci na yini ɗaya ne, kuma mai kawowa zai ɗanɗana a gaban gandiroba kafin a karɓa. Ga wanda ke zuwa daga nesa, busasshe ya fi: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sikari, gyaɗa, dabino, yaji, a leda mai nuna abin da ke ciki. Ban da kwalba, gwangwani, reza ko cokalin ƙarfe. A ɗan ƙara a kan na mutum ɗaya, domin ɗaki ne na jama'a, kuma wanda ke ci shi kaɗai ba ya jin daɗin zama. A tafi da katin shaida, a san cewa waya a ƙofa za ta tsaya. Kowane gida da ranakunsa da lokutansa na ziyara, a tambaya kafin a kashe kuɗin mota.

Sabulu ya kai abinci muhimmanci, saboda ƙaiƙayi ba ya barin ɗaki mai cunkoso. Magani ta asibitin gidan yake bi, da takardar likita. Idan mutum na shan maganin ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya, taɓin hankali ko na ƙanjamau, a faɗa tun ranar farko, kunya ba ta da wuri a nan. Tarin da ya wuce sati biyu a matsa a yi gwajin tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne, wata shida ake sha, kuma yankewa a tsakiya na da haɗari ƙwarai. Kuɗi a ajiye a ofis a karɓi rasit. Wanda ya cusa waya ko ƙwaya cikin burodi yana ganin gata ya yi, sabuwar tuhuma ya jawo musu su biyu.

Idan an yanke hukunci, agogo ya fara bugawa: yawanci kwana 30 ne na ɗaukaka ƙara daga ƙaramar kotu, kwana 90 daga babbar kotu. A tabbatar an lissafa zaman da ya yi na jiran shari'a cikin wa'adin. Mai kyakkyawan hali ana rage masa kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce, kuma laifi a ciki na iya cinye wannan rangwame. Mai dogon zama a ƙarfafa masa ya kama sana'a ko karatu, jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, tana da cibiyoyi a wasu gidajen kuma ba ta karɓar kuɗin makaranta daga ɗaurarru.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne batun tara. A Nuwamba 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da naira miliyan 585 da aka tara daga masu hannu da shuni. In ka raba, kowane mutum bai kai dubu 150 ba. Dangi nawa ne ke kashe ninkin wannan a lefe da kamu? Muna yawan cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma karo-karon fito da ɗan uwa ya fi na biki wuyar haɗuwa. Mai niyyar biya ya fara karanta hukuncin da kyau: tara ta gwamnati daban, kuɗin da aka ce a biya wanda aka cuta daban, biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. A rijistarar kotu ake biya, a karɓi rasit, a bi takardar sallama har ta isa gidan yari.

Sannan akwai waɗanda aka bari a waje. Tambayar farko da magidanci ke yi a wurin ziyara ita ce ta yara da kuɗin haya. Dangin miji da suka bar matarsa ba ci ba sha, su sani tana da damar kai kuka gaban alƙali kan ciyarwa, kuma ba za a ce ta yi butulci ba. Yaran da suka yi wayo a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, ƙaryar "Baba ya yi tafiya" a bakin yaran unguwa take ƙarewa. Ziyara mintuna ce ƙalilan, sau da yawa a tsaye, cikin hayaniya. A shiga da littafin nan a hannu, a fara da ranar kotu da batun lafiya tun gandiroba bai ce lokaci ya yi ba.