Lokacin Korona Mu Ne Jarumai, Yau Ana Tambayata Ko Na Iya Karatu

Wallahi har yanzu zuciyata tafasa take. Shekara da shekaru ina aikin motar asibiti a nan Amurka, ina cikin masu fita in an kira lambar gaggawa ta 911, amma jiya wata mata a ofishin horar da ma'aikata ta yi mini kallon wanda ya zo yin bara.

Ka'idarsu ita ce duk shekara 2 ka sabunta shedar aikinka kafin 31 ga Maris, bayan ka yi awa 40 na ƙarin karatu. Ni kuwa Hajiyata ta kwanta ciwo a Maraɗi, na tafi jinya, Allah Ya karɓi abarSa. Kafin in dawo wa'adi ya wuce, har ɗan sararin Afrilu da suke bayarwa da tara.

Na miƙa takarduna na ce, "Madam, don Allah ki duba mini, rasuwa aka yi mini." Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ci gaba da danne-dannenta a kwamfuta, can ta ce, "Kowa da uzurinsa yake zuwa." Na haɗiye, na ce to mece ce mafita? Ta sa ɗan yatsa ɗaya ta turo mini takardun, ta ce in cika awa 40, in biya kuɗi, in sake zana jarrabawa. Na ce wane fom zan fara cikewa? Sai a lokacin ta dube ni, daga hulata har takalmina, ta ce, "Yana intanet. Ka dai iya karanta Turanci ko?" Kafin in buɗe baki ta kira na bayana.

Ni za a tambaya ko na iya karatu? A 2020, da korona ke ɗibar mutane, wa ya tsaya tambayata? Mu muka riƙa sauko da marasa lafiya daga bene, muna danna ƙirji sau 30 mu ba da numfashi 2, har hannu ya sage. Aka lilliƙa alluna ana kiranmu jarumai. Albashin kuwa sai ka haɗa da ƙarin awoyi kafin ka biya haya.

Ba na ƙin sabunta ilmi, rai muke riƙewa, dole a gwada mu. Wulaƙancin ne ba zan yafe ba, kuma daga sama ya gangaro. Tun 1966 aka rataya aikinmu a wuyan ma'aikatar sufuri, shi ya sa har yau direbobi ake ɗaukarmu. Jihohi da yawa ba su sa motar asibiti cikin ayyukan da ya zama tilas hukuma ta samar ba. Inshorar gwamnati ta tsofaffi galibi ba ta biya sai an kwashi mara lafiya an tafi da shi, ko da ka ceto shi a tsakar ɗakinsa. Kowace jiha da lasisinta. Ƙauyuka sun dogara da 'yan sa-kai, su ma suna ta ajiye aiki.

Sannan 'yan siyasa su fito talabijin suna kukan ƙarancin ma'aikata! Ga ƙwararru nan a gida kun zaunar saboda kwanan wata, mota na ajiye babu mai fita da ita, wani yana can ya yanke jiki ya faɗi iyalinsa na ta kiran waya. Hakkin wannan ran yana wuyanku.