Yaya, a shafi na 11 ka tsaya, da wane baki za ka ce an lalata Batman?

Wallahi tun daren jiya abin nan yake ci na. Wani ne ya yi rubutu a kan littafin komik (labari mai zane) na Batman, kuma ba zan kama suna ba saboda yayana ne a unguwa, majalisarmu ɗaya, ina ganin girmansa. Amma a ce mutum ya fito gaban jama'a ya yanke hukunci wai duk sababbin littattafan komik na jarumai shara ne, an lalata Batman, kada kowa ya ɓata kuɗinsa da lokacinsa, alhali littafin da yake magana a kai, Absolute Batman, nawa ne, ni na ara masa da hannuna, kuma na san inda ya tsaya. Na sani saboda da ya aiko yaro ya dawo min da shi, rasit ɗin POS da ya yi alama da shi yana nan maƙale a shafi na 11. Shafi na 11 fa jama'a, a littafin da ya haɗa fitowa 6 na wata-wata! Sauran shafukan ko ɗaga su ba a yi ba, suna nan a manne kamar yadda suka fito daga kamfani, sai tabon manja guda a bango. Littafin nan sai da na roƙi ɗan ƙanwar babata da ke karatu a Ingila ya taho min da shi, wata huɗu ina jira.

Tabon na yafe. Hukuncin ne ban yafe ba.

Yaya, ba ka karanta ba. Wannan ita ce maganata daga farko har ƙarshe, kuma zan yi ta maimaita ta har sai ta shiga. Abin da ka gani shi ne zanen bango, ka ga an yi Batman ƙato kamar ɗan dambe, ka ga tambarin jemagen da ke ƙirjinsa ya yi faɗi kamar murfin tukunya, shikenan ka rufe ka ɗauki waya. Da ka ƙara haƙuri kaɗan da ka ga cewa tambarin nan cire shi yake ya ɗaura masa ƙota ya zama gatari, kunnuwan hular kuma wuƙaƙe ne, motarsa ma babbar motar ɗibar ƙasa ce irin ta wajen gini. Kuma duk wannan da dalili, saboda wannan Bruce Wayne ɗin, wato Batman in ya cire hula, ba shi da ko sisi na gado, da abin da ya samu a wurin aiki yake yaƙi.

Ku tsaya ku ji, ku da ba ku san zancen ba. Tun 1939 da aka ƙirƙiro Batman, labarin ɗaya ne: ɗan attajiri, an kashe iyayensa a lungu, ya gaji dukiya da ƙaton gida da bara mai yi masa hidima, ya sayi duk kayan faɗan da ransa ke so. Shekara 85 ana juya wannan tuwon. Sai a watan Oktoba na 2024 kamfanin DC ya fito da Absolute Batman, Scott Snyder ya rubuta, Nick Dragotta ya zana, suka ƙwace masa komai. Babansa malamin makaranta ne. Shi kuma matashi ne ɗan shekara 24, injiniyan gine-gine da ke yi wa birni aiki, a unguwar talakawa ya tashi, abokan ƙuruciyarsa su ne mutanen da a tsohon labari muka sani a matsayin abokan gabarsa. Alfred, baran nan da muka saba gani da farantin shayi, a nan jami'in leƙen asiri ne da aka turo Gotham, birnin Batman, ba ya yi wa kowa bara. Kuɗin kuma, ku ce wa ke da su? Joker, babban abokin gabar Batman. An ɗauke dukiyar daga hannun jarumi an damƙa wa mugu, wanda duk mai ido ya san haka duniyar take tafiya.

Akwai wajen da ya sa na ajiye littafin na yi shiru, kuma ba na jin kunyar faɗa. Uban ya kai 'yan ajinsa yawon buɗe ido gidan zu, Bruce yana cikinsu, sai wani ya shigo da bindiga ya buɗe wuta. Malamin ya tura yaran cikin ɗakin jemagu ya rufe ƙofa, shi ya tsaya a waje. Yaron yana ciki cikin duhu, jemagu suna ta shawagi a kansa, ubansa yana bayan ƙofa. Ni da nake da 'ya'ya biyu a firamare, nake kai su da safe ina addu'a har su dawo, kada wani ya ce min wannan labarin yara ne. Sannan uwarsa tana raye! Martha tana nan da ranta, tana aikinta, tana damuwa da ɗanta. Batman mai uwa a duniya, wanda in ya fita da daddare akwai wadda zuciyarta za ta tsinke. Ka san yadda wannan ƙaramin canjin ya juya labarin gaba ɗaya? Ba ka sani ba Yaya, ba ka karanta ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Absolute Superman na Jason Aaron, iyayensa a Krypton, duniyar da aka haife shi, 'yan ajin leburori ne, harafin da ke ƙirjinsa ma tambarin masu aikin ƙarfi ne da manya ke rainawa, ya yi wayo a can ya ga rushewar duniyarsa da idonsa, kuma farkon inda muka haɗu da shi a ramin haƙar ma'adinai ne a Brazil, inda wani kamfani ya girke masu bindiga a kan ma'aikata. Absolute Wonder Woman ta Kelly Thompson ita kuma an raba ta da tsibirin danginta tun tana jaririya, a jahannama aka raine ta, kuma a 2025 ta ci kyautar Eisner ta sabon jerin da ya fi kowanne, wadda a harkar komik babu ta biyunta. Duk dabarar ɗaya ce, a cire wa jarumi gatansa a ga ko zai ci gaba da zama mutumin kirki. Ni wannan tambayar ta fi min duk wani faɗa da dodannin sararin samaniya.

Kamfanin Marvel ma sun yi nasu tun kafin nan, a Janairun 2024, Ultimate Spider-Man na Jonathan Hickman da Marco Checchetto. Wannan kam ya taɓa ni a wani wuri daban. Peter Parker, wato Spider-Man ɗin, magidanci ne ɗan shekara 35, yana da mata, Mary Jane, da 'ya'ya biyu, gizo-gizon bai cije shi yana yaro ba, kawunsa Ben yana raye yana aikin jarida. Mutum ne da ke da rufin asiri amma kullum yana jin akwai abin da ya kamata ya zama bai zama ba. Sai ga dama ta zo masa a makare, ya zauna ya yi shawara da matarsa. Wanda ya san tarihin zai gane me ya sa mutane suka yi ta murna, saboda an ɗaura wa Peter aure a 1987, sai a 2007 kamfanin ya share auren ta hanyar wata yarjejeniya da shaiɗan, don kawai suna so ya dawo gwauro mara nauyi, masu karatu suka yi shekaru suna ƙorafi ba a saurare su ba. Yanzu an ba su abin da suke nema kuma ya yi kyau, sai ga wani daga majalisarmu yana cewa duk shara ne.

Na ga masu tare masa faɗa suna cewa ai tsada. Eh da tsada, fitowa ɗaya dala 4.99 ce a Amurka, 'yan shafuka da za ka gama kafin shayinka ya huce, in ka juya zuwa naira sai gabanka ya faɗi. To wa ya ce ka bi su wata-wata? Can su ne ke zuwa shago duk ranar Laraba su ɗauki sabo. Mu nan sai ka jira a haɗa shida a littafi ɗaya, ku yi karo-karo ku uku ko huɗu, ku riƙa zagayawa da shi. Haka muka yi da littattafan Hausa muna sakandare, ɗaya ya saya aji guda ya karanta har bango ya fita. Kuma shi Yaya ai ko kwabo bai kashe ba, kyauta ya samu, don haka maganar tsada ba tasa ba ce.

Wasu sun ce akwai zubar da jini. Akwai, sosai ma, kuma ni ba zan miƙa wa ɗana ɗan shekara 8 Absolute Batman ba, a saman wadrob nake ajiye shi. Amma ku lura da kanku, rabinku na cewa littafin yara ne ƙato bai kamata ya riƙe ba, rabinku na cewa ya fi ƙarfin yara. Ku zauna ku daidaita tsakaninku tukuna. Mutanen da ke kwana kallon fim ɗin waɗannan jaruman a waya, su yi ta musu a kan wa ya fi wa ƙarfi har a kira assalatu, su ne da sun ga takarda a hannunka sai su ce ka girma da wannan. Daga ina kuke zaton fim ɗin ya fito? Daga takardar nan ya fito.

Mai hujja guda ɗaya na gani a cikinsu, wanda ya ce kamfanonin nan ba su da alƙawari, yau su kashe jarumi gobe su dawo da shi. Gaskiyarsa. A 1992 an kashe Superman, duniya ta ɗauka, mutane suka yi layi suna saye suna ɓoyewa a leda wai zai yi daraja, shekara ba ta zagayo ba ya tashi. Har yau suna wannan halin, ga buga fitowa ɗaya da bango kala-kala don masu tarawa su sayi abu ɗaya sau biyar, ga labarin da sai ka sayi wasu littattafai goma kafin ka gane ƙarshensa. Ni ma abin na ba ni haushi kuma akwai da yawa da na fara na watsar. Ban ce duk abin da ya fito ranar Laraba zinare ba ne. Amma waɗannan da na lissafa daga lamba 1 suka fara, ba ka buƙatar sanin abin da ya faru a 1975, ba ka buƙatar wani gwani ya yi maka bayani, ka buɗe kawai ka shiga. Shi ya sa ma na ara masa, don na san ya daɗe rabonsa da komik, na ce ga ƙofa mai sauƙi. Ya leƙa ta taga ya ce gidan ba kyau.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yara matasa da ke bin sa. Wani yaro da na san yana son zane ya rubuta a ƙarƙashin rubutun Yaya cewa to shikenan ya fasa neman littafin. Ka ga ɓarnar? Dama karatu ya yi mana ƙaranci, dama yaro in ya riƙe littafin da ba na jarabawa ba kallon mara aikin yi ake masa, sai kuma babba da ake jin maganarsa ya zo ya ƙara rufe ƙofar da hukuncin shafi 11. In ka karanta duka ka ce bai yi maka ba, wallahi zan zauna mu yi musu har dare kuma zan sayi shayin. Ka ce min labarin ya yi gaggawa a tsakiya, ka ce zanen faɗan wani lokaci yana rikitar da ido, zan saurare ka, wataƙila ma in yarda da kai a wani wajen. Amma ka karanta tukuna. Littafin yana nan, ka aiko yaron ya karɓa, rasit ɗinka ma ban cire ba.

Af, tunda zancen ya zo nan, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Wani ɗan Najeriya, Roye Okupe, ya yi komik mai suna Malika, jarumar sarauniya ce mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, har kamfanin Dark Horse na Amurka ya ɗauki littattafansa yana bugawa. A Legas akwai Comic Republic, akwai taron masu komik da ake yi can duk shekara. Amina tamu ce, ganuwarta a ƙasarmu take, amma wani ne ya ga abin zanawa a jikinta, kuma na gode masa da ya yi. Mu da ke da Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, muke da Barbushe a kan Dala, muke da Gizo da Ƙoƙi da kowace kaka ta haddace, ina masu zanenmu? Suna nan fa, ina ganin aikinsu a bayan tirela da jikin adaidaita da allon masu aski. Akwai wani yaro da yake zama kusa da mai gyaran waya a bakin titinmu wajen shekara biyu da suka wuce, yana cika littafin makaranta mai shafi 60 da zanen wani jarumi mai rawani da takobi, da biro shuɗi da ja kawai, har da akwatunan magana da Hausa. An ce sun tashi daga unguwar. Don Allah duk wanda ya san inda suka koma ya yi min magana ta akwatin saƙo, akwai fensiran kala da takardun zane da na saya masa tun azumin bara suna nan a leda.